Yadda Sabbin Iyaye Za Su Daidaita Tsammaninsu da Halin Jariri Mai Rigima

Na haifi ɗana na fari a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake wuce digiri 40 da rana, kuma kamar yadda aka saba na koma gidanmu wankan jego. Tun ina da ciki na riga na tsara yadda zamanmu zai kasance: zai sha nono, ya yi gyatsa, in shimfiɗe shi ya yi barci, ni kuma in samu sararin wanka da karɓar 'yan barka, domin haka na ga jaririyar yayata tana yi. Nawa kuwa, tun daga mako na biyu, da zarar an idar da sallar la'asar sai ya dunƙule hannu, ya gantsare baya, fuskarsa ta yi ja, ya kama kukan da ba ya sauka sai bayan isha'i. Idan ya yi barci a hannu aka shimfiɗe shi, kafin a zare hannu ya buɗe ido. Inna takan dube shi ta ce, "Wanga yaro akwai rigima," ni kuma ga kunyar ɗan fari ta hana ni nuna damuwata a gaban dangin miji, sai in shige bayan labule mu yi kukan tare.

Abin da ya fi gajiyar da ni a lokacin shi ne jiran ranar da zai zama irin jaririn da na zana a raina. Wahalar ta ragu ne a ranar da na daina wannan jira na fara koyon yaron da Allah Ya ba ni. Ga matakan da nake ganin ya kamata sabbin iyaye su bi, bisa tsarin da ya fi dacewa a bi su.

Da farko, a tabbatar ba ciwo ne yake sa shi kuka ba

Ba a ce wa jariri mai rigima sai an kawar da zaton rashin lafiya, domin ba shi da bakin da zai faɗi inda yake masa ciwo. Ki sayi ma'aunin zafi a kemis ki ajiye, kada ki dogara da bayan hannu, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da kowane jiki yake da ɗumi. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti za a kai shi a wannan lokacin, ko dare ne, ba tare da an tsaya gwada magani a gida ba. Haka nan idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya saki, ko yana taune-taune da fizge-fizge, ko numfashinsa ya kai sau 60 a minti ɗaya alhali bai kai wata biyu ba, ko ƙirjinsa yana lotsawa idan ya ja numfashi, ko idanunsa da tafin ƙafarsa sun yi rawaya irin ta shawara, ko cibiyarsa ta yi ja tana fitar da ruwa mai wari, ko yana amai kore, ko an ga jini a kashinsa. A cikin garin Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ga kuma asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki tuɓe shi tsaf ki duba. Wani lokaci zare ko silin gashi ne ya naɗe masa yatsan ƙafa, ko ƙurajen zafi ne a wuya da hamata, ko kunzugu ya goge masa cinya. Sannan ki lura da abubuwa biyu da suke nuna nono yana isar sa: yana jiƙa kunzugu aƙalla sau shida a kwana ɗaya, kuma nauyinsa yana ƙaruwa. Jarirai sukan ragu kaɗan a kwanakin farko, su dawo da nauyin haihuwa wajen mako biyu. Ranakun rigakafi na mako 6 da 10 da 14 dama ce ta a ɗora shi a sikeli a rubuta a katinsa, kuma ki sani yakan ƙara rigima na kwana ɗaya ko biyu bayan allurar.

Na biyu, a san abin da masana suka gano game da kuka da hali

Wannan ilimi ne da ban samu ba sai da na sha wuya, alhali da na san shi da wuri da ban zargi kaina ba. Kukan jarirai yana da lokacinsa: yakan fara yawa wajen mako na biyu, ya kai ƙarshen tsananinsa wajen mako na shida zuwa na takwas, sannan ya riƙa sauka har zuwa wata uku ko huɗu, kuma ya fi tsananta da yamma. A shekarar 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya kafa ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi wajen gane kukan da ya wuce kima, wato kukan da ya wuce awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har ya ɗauki fiye da mako uku, a jikin yaron da yake lafiyayye kuma yana shan nono. Shi ne muke kira ciwon ciki, kuma galibi yana wucewa da kansa.

Akwai kuma batun hali. A shekarar 1956 wasu likitoci biyu mata da miji a Amurka, Alexander Thomas da Stella Chess, sun fara bibiyar yara tun suna jarirai har suka girma. Sun gano cewa kusan kashi 40 cikin ɗari masu sauƙin hali ne, kusan kashi 15 masu ɗari-ɗari ne da ba sa sakin jiki da wuri, kusan kashi 10 kuwa su ne masu wuyar sha'ani: ba su da tsayayyen lokacin barci ko yunwa, sabon abu yana tayar musu da hankali, kuma idan sun yi kuka ko dariya da dukkan ƙarfinsu suke yi. Sauran yaran suna da gaurayen waɗannan halaye. Babban abin da suka jaddada shi ne, makomar yaro ta dogara ƙwarai a kan yadda renon da ake yi masa ya dace da halinsa. Ke ba ki ƙirƙiri halin ba, da shi ya zo. Abin da yake hannunki shi ne gyara tsarin gida ya karɓi wannan hali, kamar yadda ake cewa idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Na uku, a rubuta halinsa na mako guda

Ki samu ƙaramin littafi, ko ki yi amfani da wayarki, ki riƙa rubuta lokacin da ya farka, da lokacin da ya sha, da lokacin da kukan ya fara, da abin da ya faru kafin ya fara. Idan duba agogo zai yi miki wuya, lokutan salla sun isa su zama ma'auni. Ni da na yi haka na gano cewa ranakun da ɗaki ya cika da baƙi, ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, su ne ranakun da kukan yamma yake fin tsanani, kuma idan ya wuce kamar awa ɗaya da rabi idonsa biyu, to barcin ya gagara sai da faɗa. Alamun gajiyarsa ƙanana ne: ya kau da kai, ya ƙura wa bango ido, ya yi hamma ɗaya. Idan na kama shi a nan sai ya yi barci cikin sauƙi, idan na bari ya kai ga kuka kuwa, sai mu yi awa guda muna fama.

Na huɗu, a sauke tsammanin da ba zai yiwu ba, ɗaya bayan ɗaya

Nan ne aikin yake, kuma ya fi kyau ki zauna da maigida ku ambaci kowane abu da baki.

Ku fara da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da bai wuce wata uku ba yana buƙatar barcin awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya, amma a gutsure yake yin sa, dare da rana, domin cikinsa ƙarami ne kuma yakan nemi nono sau 8 zuwa 12 a kwana. Jariri mai rigima ya fi saurin farkawa, saboda farkon barcin jarirai marar nauyi ne. Saboda haka kada ki shimfiɗe shi da zarar ya lumshe ido. Ki jira kamar minti ashirin, har ki ɗaga hannunsa ki ga ya faɗi sakaka, sannan ki sauke shi a hankali, ki bar tafinki a ƙirjinsa na ɗan lokaci. A rigingine za a kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, babu filo babu tarin zannuwa kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro. Ki cire ranki daga barcin dare cikakke a watannin nan, ki sa burinki a kan samun awa uku ko huɗu a jere sau ɗaya, sauran ki rama da rana lokacin da ya kwanta.

Sai maganar hannu. Za a ce miki, "Kin saba masa da hannu, za ki sha wuya." Jaririn wata biyu bai san dabara ba, bai san ya juya uwarsa ba, jikinsa ne kawai yake neman ɗumi da motsin da ya saba da su wata tara. A shekarar 1986 masu bincike biyu a Kanada, Urs Hunziker da Ronald Barr, sun gwada ƙara wa wasu jarirai lokacin ɗauka a kullum, suka ga kukansu a mako na shida ya ragu da kashi 43 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a ƙara wa ba. Mu kuwa goyo gadonmu ne. Abin kula shi ne wuyansa bai yi ƙwari ba tukuna, don haka zani ya tallafe masa ƙeya, majanyi ya riƙe shi sosai, fuskarsa tana gefe hancinsa a buɗe, kuma kada a tsaya da shi a bakin murhu ko cikin rana.

Sai aikin gida da hidimar jama'a. Matar da ta saba tsakar gidanta fes, tuwonta a kan lokaci, takan ji kamar ta gaza idan la'asar ta yi ba ta ɗora tukunya ba. Ki zaɓi abu biyu ko uku da dole a yi su a rana, ki yi su da hantsi lokacin da yaron ya fi natsuwa, ki bar yamma ta zama tasa. Miyar dare ana iya haɗa ta da safe. Biki da suna da yawon arba'in kuma a rage: gida biyu a rana ya wadatar, a dawo kafin lokacin kukansa, maimakon a zaga daga Mabera zuwa Runjin Sambo zuwa Arkilla a cikin a-daidaita-sahu a yini ɗaya, a dawo da yaron da ya gigice.

Har ibada tana da nata sassaucin. Na daɗe ina jin nauyi a raina don na rage nafila da karatun da na saba, sai wata malama ta tuna mini da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita saboda sanin halin da uwar take ciki. An kuma ruwaito ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Idan limamin al'umma ya sauya niyyarsa saboda kukan jariri, uwar jaririn ta fi cancantar ta sassauta wa kanta.

Na biyar, a tsara rarrashi

Idan kukan ya tashi, ki bi abu ɗaya bayan ɗaya, ki ba kowanne 'yan mintoci kafin ki sauya, domin yawan sauye-sauye yana ƙara rikita irin waɗannan yara. Ki ba shi nono, ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ki duba kunzugu. Idan zafi ne, ki rage masa kaya ya saura da 'yar shimi, ki goge shi da ruwa mai ɗan ɗumi. Na sha ganin jariri cikin hula da safa da shawul a tsakiyar bazara, yana kuka ana cewa rigima ce. Lokacin hunturu kuwa a rufe shi daidai, a shafa masa mai saboda bushewar fata. Daga nan ki kai shi inda babu hayaniya da haske, ki manna shi da ƙirjinki kina tafiya a hankali kina yi masa "shshsh" a kunne, ko ƙarar fanka daga nesa. Wasu sukan lafa idan aka kifa su a kan damtse ana shafa bayansu, muddin idonsu biyu. Fita tsakar gida bayan magariba ya sha iska yakan yi aiki. Wata rana kuma duk za ki yi, babu wanda zai ci, kuma riƙe shi da kika yi yana kukan ma reno ne.

Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro a fitar da jariri kafin a kunna, a bar ɗakin ya sha iska kafin a dawo da shi.

Na shida, a kiyaye abin da ake ba shi

Yawancin ɓarnar da ake yi wa jarirai masu rigima da kyakkyawar niyya ake yin ta. Za a ce ƙishirwa ce a ba shi ruwa, ko a ba shi jiƙo, ko zuma, ko a kira wanzami ya cire masa beli. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi, domin mafi yawan nono ruwa ne, kuma a lokacin zafi abin da ake yi shi ne a ƙara yawan shayarwa, uwa kuma ta yawaita shan ruwa. Zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da take shanye jikin jariri. Cire beli kuwa yana iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, kuma ba ya maganin kuka. Mafi haɗari shi ne maganin mura ko wani ruwan magani da ake ɗura wa yaro don ya yi barci. A shekarar 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓace da sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara da dama a Najeriya, hukumomi suka ce sun kai 84. Duk abin da ba likita ko nas ce ta rubuta ba, kada ya shiga bakinsa. Addu'o'in tsari da aka koyar a sunna kuwa a yawaita su safe da yamma.

Ƙin karɓar shawarar manya yana buƙatar ladabi. Ba a ce wa uwar miji ba ta sani ba. Ni nakan ce, "To Hajiya, na gode, sai dai a asibiti sun ce a dakata da komai sai ya cika wata shida." Ya fi sauƙi idan maigida ne ya faɗa wa mahaifiyarsa da kansa, kuma ya fi kyau a ba kaka wani aikin da take jin daɗinsa, kamar wankan jariri da goyon yamma, domin ita ma taimako take son yi.

Na bakwai, a shirya wa lokacin da haƙuri zai ƙare

Dole in faɗi wannan a fili, domin ba a cika faɗinsa ba. Akwai daren da za ki ji zuciyarki ta tafasa, ki ji kamar ki girgiza shi ya yi shiru. Wannan ba ya nufin ke muguwar uwa ce, gajiya ce ta kai maƙura. Amma girgiza jariri da ƙarfi, ko na daƙiƙa kaɗan ne, yana iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance, ya nakasa ko ya mutu. Idan kin ji haka, ki kwantar da shi a rigingine a wuri amintacce, ki fita, ki yi alwala, ki sha ruwa, ki ba kanki minti biyar zuwa goma, sannan ki dawo ko ki tashi wani ya karɓe ki. Kukan minti goma a shimfiɗa ba zai cutar da shi ba. Duk wanda ake bar wa yaron, har 'yar aiki da ƙannen miji, a gaya masa wannan.

Maigida, nan ne wurinka. Idan an gama arba'in an dawo maka da iyalinka, hannayen da suke taimaka mata a gida sun ragu daga biyar zuwa ɗaya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka ɗauki wani lokaci tsayayye, misali daga dawowarka masallacin asuba zuwa fitarka aiki, ka riƙe yaron ta yi barci. Ka sauke naka tsammanin game da abinci a kan kari da hira da dare, kuma kada ka tambaye ta, "Me kika yi masa?" Idan akwai hali, a roƙi wata 'yar'uwa ta zo ta zauna na wasu makonni. Ka kuma sa ido a kan lafiyarta. Mai jego ta riƙa ɗan yin kuka da sauyin rai a makonni biyun farko abu ne da aka saba gani, amma idan ya zarce haka, ba ta jin daɗin komai, ba ta iya barci ko da yaron ya kwanta, ko tana tunanin cutar da kanta, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kama kusan mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa, kuma yana da magani. Idan kuma ƙafafunta suna kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a hanzarta kai ta asibiti a duba zuciyarta, kuma a sassauta kanwa a kunu.

Na takwas, a riƙa sabunta lissafi yayin da yake girma

Kukan yamma yakan tafi wajen wata huɗu, amma halin yana nan, sai dai ya sauya kama. Nawa da ya fara zama sai ya ƙi zama wuri ɗaya, da ya fara rarrafe kuwa sai da muka kwashe komai daga ƙasa, muka ɗaga flas da wayoyin caji, muka rufe randa da bokitin ruwa, muka kange murhu. Wajen wata takwas ya fara ƙiwa, ba ya yarda da kowa sai ni da kakarsa, wanda mataki ne da yawancin yara suke bi. Duk bayan wata biyu ku koma ga littafin nan ku sake rubutu na 'yan kwanaki, domin lokacin da yake iya yi idonsa biyu yana ƙaruwa, yawan barcin rana yana raguwa, kuma dabarar da ta yi aiki a wata na uku ba lallai ta yi a na bakwai ba. Abin da na ga ya fi yi wa irinsu amfani shi ne tsari marar sauyawa kafin barci: wanka bayan magariba, shafa mai, nono, addu'a, a rage fitila, a wuri ɗaya kuma a kan lokaci ɗaya kowane dare. Idan za a yi tafiya ko za a yi baƙi, a tsara abin ya faɗo bayan ya tashi daga barci kuma ya ƙoshi, a kuma tanadi ɗakin da za a janye shi idan ya fara kau da kai yana hamma.